Me ya sa wutar daji take fin ƙarfinmu a tsakiyar hunturu?

Manomi daga ƙasar Zuru:
Assalamu alaikum. Bara a watan Janairu wuta ta taso daga dajin da ke gabas da gonarmu, ta cinye harawar da muka ɗora a kan itace da damman dawar da ba mu kai ga kwashewa ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ƙona gefen gonar nan a watan Nuwamba, wutar ta ci abin da za ta ci ta mutu da kanta, amma wannan duk unguwa muka fito da ɗanyen ganye muna bugu ba mu tare ta ba. Ina roƙon masu sani su fahimtar da ni.

Malamin gona daga Birnin Kebbi:
Wa'alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Malam, marigayi ya san abin da yake yi. A Nuwamba ba a daɗe da ɗauke ruwa ba, gamba da kyasuwa suna da sauran danshi, raɓa kuma tana sauka da dare, saboda haka wuta sai ta busar da ciyawa kafin ta ci ta. Iskar hunturu kuwa daga arewa maso gabas take zuwa, ta ratso Sahara ba ta ɗauke da laima, har danshin iska yakan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana. Siririyar ciyawa cikin kamar awa 1 take bin yanayin iskar da ke kewaye da ita, yadda leɓe yake tsagewa haka ita ma take ƙeƙashewa. Sannan iskar tana hura wutar kamar zugazugin maƙera, tana kwantar da harshenta a kan ciyawar da ke gaba ta gasa ta tun kafin ta iso, tana kuma ɗaukar tartsatsi ta jefa shi bayan masu kashewa. Ku da kuke ƙasar duwatsu abin ya fi muni, domin wuta ta fi gudu idan tana hawan tudu. Irin wannan busasshiyar iska, wadda suke kira Santa Ana, ita ce ta rura gobarar Los Angeles ta Amurka a Janairun 2025.

Tsohon mafarauci daga Yauri:
Malam ya faɗi gaskiya, amma iska ba ta ƙyasta ashana. Mu ne muke cinna wuta don gafiya da zomo, ga masu ɗiban zuma da masu gawayi, kuma ina nadamar nawa rabon. Daga hantsi zuwa la'asar ne lokacin da ba ta jin bugu, kuma kada kowa ya tsaya a gabanta, ta gefe ake bin ta.

Manomi daga ƙasar Zuru:
Na gode, Baba. To bana da ciyawa ta riga ta bushe, in ƙona gefen gonar ko in bari?

Malamin gona daga Birnin Kebbi:
Kada ka ƙona yanzu. Ku kankare ciyawar gefen gonar da fartanya har ƙasa ta fito, ku fi faɗaɗa ɓangaren gabas da arewa, ku kwashe harawa zuwa gida, sannan ku roƙi mai unguwa ya sa a yi shela ga mafarauta kafin ranar kasuwa.