Zomon yarana ya ƙware jiya, in kai shi wajen likita ko in jira?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Daga Garwa nake. Jiya da magariba zomon yarana na cin dusa sai ya ƙware. Ya miƙe wuya sama, baki buɗe, yana ta dangwalar bakinsa da ƙafafun gaba, ruwa haɗe da dusa na fitowa ta hanci. Can dai numfashi ya dawo. Yau sai atishawa, ko ganyen dankali ya ƙi taɓawa. In kai shi ko in ba shi kwana biyu? Kuɗin hannuna kaɗan ne.

Ɗan Marwa: Ki ɗura masa ruwa da man gyaɗa, zai wuce.

Inna Kuseri: Kul! Ɗure ne ya kashe min tawa, da cikinta. Ta ƙware, maƙwabci ya ɗura mata ruwa da cokali, ta tashi kamar ta warke. Bayan kwanaki sai kurari a ƙirji, ashe abin ya gangara huhu. Jikata ce ta tarar da ita a sandare. Har yau yarinyar ba ta leƙa kejin.

Maman Biyu: Allah ya mayar da alheri, Inna.

Ɗalibi Ngaundere: Hajiya, ki kai shi yau. Zomo ba ya amai, kuma ta hanci yake numfashi, in ya buɗe baki to abin ya kai maƙura. Zomon da ya wuni bai ci ba, hanjinsa na iya tsayawa. In ya sake ƙwarewa, ki tallafe bayansa, kai ya kalli ƙasa, ki bubbuga kafaɗa a hankali. Ƙashin bayansu ba ya jure wujijjiga.

Ɗan Marwa: Yaro, tun kafin a haife ka nake kiwo.

Ɗalibi Ngaundere: Baba, akuya kake kiwo ai.

Mai Tsire: In ya ƙi tashi ina da yaji da albasa.

Inna Kuseri: Ba abin dariya ba ne. Ni 2000 sefa na biya dubawa a Injamena.

Baban Yara: 2000? A nan 5000 aka caje ni, magani daban. Kuma mutumin na jin zomo ne ya ce in jira ya dawo daga rugar shanu.

Ɗan Marwa: Ai in ba saniya ka kawo ba ko kallonka ba sa yi. Ga dusar kanta ta yi tsada, rabi ƙaiƙayi rabi yashi.

Baban Yara: Nawa buhu yanzu a wajenku?

Maman Biyu: Don Allah, a Garwa wa ke duba zomo? Har yanzu bai ci ba.