Wanda zai sauka Alƙahira don karatu a Azhar, da me zai fara?

Ɗan Gusau:
Assalamu alaikum. Ƙanena ne zai tafi Jami'ar Azhar karatun Shari'a, biza ta fito. Don Allah masu sanin hanya, me zai riƙe a hannu, kuma me zai fara yi in ya sauka?

Mazaunin Darrasa:
Wa alaikumus salam, Malam. Aikin daga gida yake farawa. Takardar sakandare da ta haihuwa su bi Ma'aikatar Ilimi da ta Harkokin Waje a Abuja a buga musu hatimi, sannan ofishin jakadancin Masar ya buga nasa. In ɗaya ya ɓace a jerin, Alƙahira ba ta gyarawa, sai an mayar da takarda Najeriya. Wadda ke da Turanci a fassara ta da Larabci, kuma a duba yadda aka rubuta sunan harafi-harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar makaranta, ko sunan uba ya sha gaban na ɗa, wannan kaɗai yana tsayar da fayil wata da watanni. Ya riƙe katin rigakafin shawara, ana iya tambayarsa a filin jirgi, da hotunan fasfo kamar 20 masu farin baya, da kwafi da yawa na kowace takarda. Kowane teburi sai ya karɓi nasa.

Babbar tambayar ita ce ko Azhar ta amince da takardar makarantarsa, abin da suke kira mu'adala. In akwai, zai yi jarrabawar tantance matakin Larabci, wanda ya gaza a tura shi cibiyar koyon harshe kafin kwaleji. In babu, Ma'ahadul Bu'us zai shiga, wato makarantar Azhar ta ɗaliban ƙasashen waje kafin jami'a, a ajiye shi a ajin i'idadi (ƙaramar sakandare) ko sanawi (babbar sakandare) gwargwadon abin da ya ci. Ku shirya wa wannan tun yanzu, don yana iya ƙara shekaru a kan huɗun digiri. Akwai kuma gwajin jini kafin rajista ta kammala.

Umman Hayyul Ashir:
Ɗana, ka gaya masa bizar shiga daban, iƙama, wato izinin zama, daban. Iƙamar ɗalibi tana buƙatar takardar shaida daga makaranta cewa sunansa na cikin rajista, a kai ofishin fasfo, wanda babbansa ya tashi daga ginin Mujamma'ut Tahrir ya koma unguwar Abbasiyya a 2019. A fara nema tun biza ba ta mutu ba, domin jinkiri tara ce. A tafi bayan asuba, Juma'a kuwa babu aiki.

Masauki: Madinatul Bu'us, gidajen kwanan ɗaliban ƙasashen waje da ke Abbasiyya, ta masu tallafin Azhar ce da waɗanda suka samu gurbi, ba kowa ba. Saura haya suke haɗawa a Hayyus Sabi'i ko Hayyul Ashir a Madinatu Nasr, ko a unguwar Darrasa kusa da masallacin Azhar. Mai gida zai nemi kuɗin ajiya na wata ɗaya ko biyu, dillali ma da nasa, kuma a rubuta yarjejeniya. Ya sayi bargo mai kauri. A Janairu sanyin dare yana sauka kusan digiri 10, gidajen kuma ba a ɗumama su.

Mazaunin Darrasa:
Hajiya ta faɗi gaskiya, sai dai ga ɗan Shari'a na fi ganin Darrasa. Kwalejojin Shari'a da Usuluddin da Lugga na maza suna bayan masallacin, da ƙafa ake zuwa, ga darussan malamai kyauta a ruwaƙoƙi, wato zaurukan karatu na masallacin. Masallacin da aka buɗe a shekarar 972 miladiyya, har ruwaƙin mutanen Barno an yi a cikinsa, ai bai kamata a zauna nesa da shi ba. Gidajen dai tsofaffi ne, unguwar kuma ba ta barci.

Malamin Larabci:
Abin da ke kayar da sababbi shi ne kunne da kuma jarrabawa. Malamai da yawa suna zamewa daga fusha, wato Larabcin littafi, zuwa Larabcin Masar a tsakiyar darasi: jimun ta koma "ga", ƙaf ta koma hamza. Wanda ya haddace Alfiyya, baitocin nahawu, ma sai ya yi zuru a makon farko. Maganinsa zama da Misrawa da yawan zuwa aji.

Ba a cika matsa wa ɗalibi kan halartar aji a kwalejojin addini ba, shi ya sa wasu ke sakin jiki. Kusan duk makin yana kan jarrabawar Janairu da ta wajen Mayu zuwa Yuni, daga littafin da malamin ya tsara, wato muƙarrar. Wanda ya faɗi darasi ɗaya ko biyu zai wuce yana ɗauke da su, uku kuwa maimaita shekara ne. Haddar Alƙur'ani darasi ce mai zaman kanta kowace shekara, ta baki da ta rubutu. Ya riƙa rubuta haddarsa a takarda tun daga Oktoba, don da yawa suna karantawa sumul amma alƙalami ya ci amanarsu.

Ɗan Gusau:
Allah ya saka da alheri. Gobe in sha Allahu zan kira makarantarsu in ji maganar mu'adalar kafin mu sayi tikiti.