Batir ya mutu, but ɗin gaba ya ƙi buɗuwa: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Hamburg, ina da Porsche Boxster S ƙirar 2003 da nake ajiyewa a gareji duk hunturu. Bana da na je tayar da ita batir ya mutu murus. To ita motar nan injinta a tsakiya yake, batir kuma yana cikin but ɗin gaba, but ɗin kuwa da maɓallin lantarki ake buɗe shi. Ka ga babu wuta babu buɗewa, babu buɗewa babu isa ga batir. Ina son a sa mata wata waya ta ko-ta-kwana da zan ja da hannu but ɗin ya buɗe. Wa ya taɓa yi, kuma ina ya kamata a ɓoye ta?

Mai rewaya daga Kaduna: Wa alaikumus salam Alhaji. Kafin maganar waya, buɗe ta tukuna. Leƙa akwatin fis da ke wajen ƙafar direba, za ka ga wani jan abu na roba. Zaro shi waje, ka maƙala masa jar waya daga wani batir mai volt 12, baƙar kuma ka kama ƙarfen da ƙofa ke maƙalewa a jiki idan an rufe. Sai ka danna maɓallin but. Ƙararrawa na iya tashi, kada ka damu. Amma don Allah kada ka murza ki ka ce za ka tayar da inji ta nan, ba don wannan aka yi shi ba.

Mai tambaya: Allah ya saka, Oga. Ta buɗu. Saura wayar.

Wani dattijo mai tsofaffin motoci: Ɗana, ba sai ka sayi komai ba. Kamfani ya riga ya sa siririyar wayar ƙarfe a jikin sakatar but ɗin, sai dai an cusa bakinta can wajen fitilar dama, bayan bamba. Abin haushin shi ne fitilar kanta daga cikin but ake kwance ta. In but na rufe sai dai ka cire robar da ke saman taya ka zura hannu kana lalube cikin duhu, galibi hannun ya fito da ƙujewa, wayar ba ta fito ba.

Yanzu da yake a buɗe take, zare fitilar, ka nemo wayar, ka karkato da ita zuwa ramin bamba da ake ɗaura ƙugiyar jan mota. Ramin yana da ɗan murfin roba, ba mai ganin abin da ke ciki. Idan ba ta kai ba ka ƙara mata da wayar birkin keke, wadda ba ta tsatsa, domin gishirin da ake watsa wa titunanku cin ƙarfe yake. Ka bar mata sako-sako. In ta ɗame za ta riƙe sakatar rabi a buɗe, kana kan babbar hanya murfin but ya ɗaga, ba abin da zai riƙe shi sai ƙugiyarsa ta biyu. Ka gwada jan wayar tun but ɗin na buɗe, ka ga sakatar na komawa da kanta, sannan ka rufe.

Wata 'yar'uwa daga Landan: Ni fa Baba ban yarda da ramin nan ba. Duk mai irin motar ya san dabarar, ɓarawo ma ya sani. Ya ɓalle murfin ya ja, ga batir ga kaya.

Dattijon: Gaskiyarki 'yata, amma mota mai rufin tanti ce. Wanda ya zo da reza ba zai tsaya neman waya ba. In mai motar yana kwana da ita a titi, ya kai wayar ƙarƙashin bamba inda sai an kwanta ake taɓa ta.

Mai rewaya: Ƙari ɗaya, Alhaji. Sayi ƙaramar cajar nan da ake barin ta jone wata da watanni, ka sa ta ramin kunna sigari duk hunturu. Kuma batirin da ya sauka ƙasa haka, a auna shi kafin ka amince masa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Garejin a kulle yake, don haka ramin ƙugiyar zan bi. Baba, but ɗin baya fa, shi ma yana da tasa wayar?

Dattijon: Yana da ita, ta gefen hagu bayan bamba. Gama da na gaba tukuna, ka turo hoto mu gani.