Jirgin filafili mai na'urar lantarki don mai raunin laka: zai jure ruwan Legas?

Baban Sadiya, Agege:
Assalamu alaikum. Ƙanena ya samu rauni a laka, hannuwansa ba su da ƙarfin jan igiya, amma yana tuƙa kekensa na lantarki da 'yar sandar sarrafawa ba tare da taimakon kowa ba. An ce mini akwai ƙananan jiragen ruwa masu filafili da ake tuƙawa ta wannan hanya. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda suke aiki, da irin kulawar da za su buƙata a tafkin Legas.

Injiniya, Apapa:
Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara masa lafiya. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Hansa 303 na Ostareliya, tsawonsa mita 3.03, an kuma sa masa nauyi a ƙarƙashi domin ya yi wuyar kifewa, matuƙin yana zaune a kujera yana fuskantar gaba. Batir mai bolt 12 ne yake ciyar da ƙananan injuna, ɗaya yana karkata akalar jirgin dama ko hagu, wani yana naɗe igiyar filafili ko ya sassauta ta. Wanda hannunsa ba ya motsi gaba ɗaya ana ba shi siririn tiyo a baki, zuƙa umarni ne, hurawa wani umarnin. Da irin wannan tiyon ne Hilary Lister, wata 'yar Ingila da hannuwanta da ƙafafunta ba sa motsi, ta tsallaka mashigin ruwan da ke tsakanin Ingila da Faransa ita kaɗai a 2005.

Mai gyaran waya, Obalende:
Malam, injunan ba su cika ba da wahala ba, mahaɗar wayoyi ce ke kashe aiki. Ruwan tafkin nan gauraye yake da na teku, iskar ma ɗauke take da gishiri, ga danshi da ba ya yankewa daga Afrilu har Yuli, don haka tagullar da aka bari tsirara takan yi kore, wuta ta riƙa zuwa tana ɗaukewa, matuƙi ya tura sanda jirgi ya ƙi amsawa. A nemi waya mai rufin kuza da fulogi mai lambar IP67, wato wanda yake jure nutsewa a zurfin mita 1 na minti 30, a kuma shafa masa giris ɗin da ake yi domin kayan lantarki. Wayar mota ta gama-gari tana da arha a kasuwar Alaba, amma arhar ba ta ado. Duk ranar da aka fito, a ɗauraye jirgi da ruwan famfo, a cire akwatin sarrafawa da batir a ajiye su a inuwa, gama zafi yana cinye ran batir. Idan na dalma ne, cikakkensa yana nuna kusan bolt 12.7, da ya sauka zuwa 12.2 ya yi rabi, kada a bari ya wuce nan, kuma kada ya kwana ba caji. Fis, wato abin da ke yanke wuta idan ta yi yawa, ya kasance dab da batir.

Hajiya, Idi-Araba:
Ina ƙara abu ɗaya, Baban Sadiya. Ruwan da ke gaban Lagos Yacht Club, wato kulob ɗin masu tuƙa jirgin filafili, hanyar manyan jirage ce, igiyar ruwa kuma tana ja da ƙarfi, ga kainuwa da kan sarƙe akala a lokacinta har injin ya yi zafi. Saboda haka a gwada kowane motsi tun jirgi yana ɗaure a gaɓa, ya sa rigar ceto, kwale-kwale mai inji ya bi shi, kuma mai rakiyarsa ya iya kwance igiya daga injin da hannu. Idan za a yi amfani da tiyo, a wanke shi bayan kowace fita, a kuma duba matatar da ke hana yawu isa cikin na'urar.