Wai Christiane Amanpour ta CNN 'yar ina ce?

Dan_Kurmi: Salam 'yan uwa. Jiya muna shan shayi a majalisa gardama ta kaure kan matar nan ta CNN, Amanpour, wani ya ce Ba'amurkiya ce wani ya rantse Bayahudiya ce, ni kuma na ce sunan nan bai yi min kama da na Turawa ba. Don Allah wanda ya san asalinta ya raba mu.

Malam_Sagir: Wa alaikumus salam. Kai ka fi su kusa da gaskiya. A Landan aka haife ta a 1958, amma babanta mutumin Iran ne, Musulmi, sunansa Mohammad Taghi, mamanta ce Baturiyar Ingila Kirista 'yar Katolika. A Tehran ta tashi har ta kai shekara 11 sannan aka kai ta makarantar kwana a Ingila, shi ya sa in tana magana harshenta na Ingila ne amma tana jin Farisanci. To ka ga a wurinmu dai ɗa na uba ne, Ba'iraniya ce.

Hajiya_Bilki: Malam Sagir ka manta abin da ya fi muhimmanci, juyin juya halin 1979. Gidansu masu rufin asiri ne a zamanin Shah, wato sarkin Iran, babanta a harkar kamfanin jirgin sama yake, da Khomeini ya dawo komai ya juye musu suka koma Ingila, kuma ita da bakinta ta sha faɗa cewa abin da ta gani lokacin ne ya sa ta sha'awar aikin jarida. Daga nan ta tafi Amurka ta yi jami'ar Rhode Island ta gama a 1983, shekarar ta shiga CNN a Atlanta tana 'yar ƙaramar ma'aikaciya, lokacin tashar ma ba ta wuce shekara 3 ba. Yaƙin Gulf da na Bosniya su suka fito da ita, musamman Sarajevo da ta zauna ana ruwan bama-bamai.

Dan_Kurmi: Ikon Allah! To in 'yar Iran ce me ya sa ta ƙi saka ɗankwali lokacin hira da shugabansu? Na ga hoton tana zaune gaban kujera babu kowa.

Hajiya_Bilki: Eh, a 2022 ne da marigayi Raisi, a New York, daidai lokacin zanga-zangar mutuwar Mahsa Amini, budurwar da ta mutu a hannun 'yan sandan Iran bayan sun kama ta kan batun ɗankwali. Da Amanpour ta ƙi sakawa sai ya fasa hirar. Hujjarta ita ce in tana cikin Iran tana rufe kai saboda doka ce, amma Amurka babu wannan dokar. Ni dai ban ga abin da ɗankwalin minti talatin zai rage ta da shi ba, da ta saka ta yi masa tambayoyin da muke son ji, amma dai ra'ayina ne.

Abba_Gwale: Ku bar batun ɗankwali, ni abin da ba zan manta ba hirarta da Jonathan a 2013, yana cewa wutar lantarki ta samu a Najeriya, mu kuma muna kallon shi da janareta wallahi 😂 Buhari ma ta yi hira da shi a 2015 bayan ya ci zaɓe.

Dan_Kurmi: Na gode, yau akwai wanda zai biya kuɗin shayi da indomi a majalisa.