Albashin waje: nawa ke saura a hannu bayan an cire komai?

Mai tambaya, Fagge

Assalamu alaikum. Matasa da yawa a unguwanninmu na riƙe da takardar tayin aiki, wani Saudiyya, wani Dubai ko Katar, ma'aikatan lafiya kuma Ingila. Abin da kowa ke fara yi shi ne ya buga albashin da farashin 'yan canji na Wapa, ya ga dubban ɗaruruwa, sai ya shiga neman mai sayen filinsa. Don Allah waɗanda ke zaune a can su warware mana abin da ake cirewa da abin da ake kashewa, da lambobinsa.

Akanta a Riyad, ɗan Gwale

Wa'alaikumus salam, Malam. A Saudiyya ba a cire harajin albashi, wannan gaskiya ne, kuma shi ne abin da ejan ke fara faɗa maka. Abin da ba ya faɗa shi ne yadda aka rarraba kuɗin a kwantiragi. Misali a rubuta riyal 4,050: ainihin albashi 3,000, kuɗin gida 750, kuɗin mota 300. Kuɗin gida yawanci kashi 25 cikin 100 ne na ainihin albashi. In kamfani ne zai ba ka masauki, wannan 750 ɗin ba za ka gan shi ba, don haka kada ka sa shi a lissafi. In kuma kai za ka nemi wuri, 750 ba ya kama gidan iyali a Riyad, sai dai ɗakin haɗaka.

Kuɗin igama, wato katin izinin zama, da izinin aiki a wuyan mai ɗaukar aiki suke bisa dokar ƙwadago, haka inshorar lafiya. Duk wanda ya ce zai riƙa yanka su daga albashinka, ka tsaya ka sake tunani. Amma kuɗin zaman iyali yawanci kai ne za ka biya: riyal 400 kowane wata a kan kowane mutum. Mata da yara biyu 1,200 ke nan a wata, 14,400 a shekara, ba a zo maganar makarantar kuɗi ba. Shi ya sa mai albashin 4,000 ba ya iya kawo iyali, sai ya riƙe gida biyu. Kayan shago kuma akwai harajin kashi 15 a kansu tun 2020.

Kuɗin sallama rabin albashin wata ne a kowace shekara cikin biyar na farko, wata guda cikakke a kowace shekara bayan nan. Sai dai wanda ya ajiye aiki da kansa kafin shekara biyu ba shi da ko sisi, tsakanin biyu da biyar kuma kashi ɗaya bisa uku ne. Kafin ka amince, ka karanta kwantiragin da aka ɗora a Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadagon Saudiyya, domin shi hukuma ta sani, ba takardar da aka turo maka ta WhatsApp ba.

Hajiya, Kurna

Ɗana, ka yi bayanin masu ofis. Ni maganar 'yan matanmu masu tafiya aikatau ce ke damuna. Aikin gida yana da nasa tsarin daban, ta Musaned, shafin hukumar Saudiyya na ɗaukar masu aikin gida, ake ƙulla shi, kuma sauƙin canza wurin aiki da aka kawo a 2021 bai haɗa da masu aikin gida ba. Abinci da wurin kwana na uwar ɗaki ne, don haka a takarda kusan duk albashin yana saura. Inda yake zurarewa shi ne bashin ejan, a ce watanni kaza na farko nasa ne. Mafi muni ita ce wadda aka kai da bizar Umara ko ta ziyara aka ce ta zauna ta yi aiki. Ba igama, ba asusun banki, in an hana ta haƙƙinta ba inda za ta kai ƙara, ƙarshenta tarhil, wato a tsare ta a koro ta gida. Iyaye su tambayi lasisin ejan na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, su ga bizar da idonsu, a karanta musu irinta. Kuma fasfo na mai shi ne, doka ba ta ba kafil, wato wanda ya ɗauke ta aiki, damar riƙe shi ba.

Injiniya a Dubai, ɗan Tarauni

Allah Ya saka da alheri, Hajiya. A Dubai haya ce ke cinye albashi. Ba wata-wata ake biya ba a mafi yawan gidaje, cak ake rubutawa na shekara, ɗaya ko biyu ko huɗu. A ranar shiga za ka ajiye kuɗin amana kusan kashi 5 na hayar shekara, dillali ma ya karɓi kusan haka, a yi rajistar yarjejeniyar haya da ake kira Ejari, sannan wani kashi 5 na hukumar birni yana shigowa a hankali cikin takardar wuta da ruwa. Ƙananan ma'aikata shi ya sa suke kama gado maimakon ɗaki: gadaje masu hawa biyu a jere, kowa ya kewaye nasa da labule, akwati a ƙarƙashi, banɗaki ɗaya ana layi tun asuba. Masu ɗan hali kan zauna Sharja su riƙa shigowa, su biya bambancin da cunkoson hanya safe da yamma.

Ku lura da kuɗin sallama a nan: kwana 21 ne a kowace shekara cikin biyar na farko, kuma da ainihin albashi kawai ake lissafawa. Kamfani zai iya ba ka dirhami 5,000 amma ya rubuta ainihin 2,000, sauran alawus. Ka ga an rage maka sallama fiye da rabi tun ranar sa hannu.

Mai zuwa Katar ya riƙe wannan ma'auni: mafi ƙarancin albashi tun Maris 2021 riyal 1,000 ne, da 500 na masauki da 300 na abinci in kamfani bai bayar da su ba. Tayin da ya gaza haka ya saɓa wa dokarsu. Kuma kada wanda bai da aiki a hannu ya tafi da bizar yawon buɗe ido wai zai nema, kuɗin guzuri kan ƙare kafin a kira shi ganawa.

Nas a Birmingham, 'yar Nassarawa

Ingila akasin ƙasashen Larabawa ce: albashi babba, cirewa babba. A shekara ake faɗin albashi, kafin haraji. Mu ɗauki fam 30,000. Fam 12,570 na farko ba haraji. Sauran 17,430 ana cire kashi 20, wato 3,486, sannan inshorar ƙasa kashi 8, wato kusan 1,394. Saura 25,120, kusan fam 2,093 a wata, kuma ba a cire fansho ba tukuna. Daga nan za a biya haya, harajin ƙaramar hukuma wanda ɗan haya ke biya, gas da wuta, motar zuwa aiki. Daga Nuwamba zuwa Maris na'urar ɗumama ɗaki ba zaɓi ba ce, in ka kashe ta don tsimi bango ya yi baƙin danshi, yara su kama tari. Kuɗin amanar gida ya kai na mako biyar, ga hayar watan farko a tare.

Babban abin da 'yan'uwa mata ba sa lissafawa shi ne rainon yara. Babu kaka, babu maƙwabciyar da za ki miƙa wa goyo, gidan raino kuma na iya lashe kaso mai tsoka na albashin mutum ɗaya. Bizar ma ta hana karɓar yawancin tallafin gwamnati. Masu bizar lafiya an yafe musu kuɗin asibiti na baƙi, amma masu sauran bizar aiki suna biyan fam 1,035 na kowace shekara, gaba ɗaya, tun wurin neman biza. Aikin kula da tsofaffi kuwa, tun Maris 2024 aka hana sababbin shiga zuwa da iyali, a Yulin 2025 kuma aka rufe ɗauka daga waje. Duk mai karɓar miliyoyi a Kano yau wai zai samo wannan takardar, ku guje shi.

Ɗan canji, Wapa

Ni abin da zan ƙara, a daina canza albashi zuwa naira, a canza abin da ya saura kawai. Riyal ɗaure yake da dala a 3.75, dirhami a 3.67, to duk hawa da saukar da kuke gani na naira ne. Bayan an saki naira a Yunin 2023 wanda ke waje ya ga kuɗinsa ya ninka, amma siminti da shinkafa da kuɗin makaranta su ma ba su tsaya jiransa ba. In naira ta farfaɗo kuma, abin da yake aikowa ya ragu alhali cefanen gida bai sauko ba.

Ga yadda zan lissafa. A ce tafiya ta ci naira miliyan 3, fasfo, gwajin lafiya, ejan, guzuri, kwantiragi kuma shekara biyu ne. Raba da 24, 125,000 ke nan duk wata. A ce bayan ci da sha da waya riyal 1,200 ke saura, a ce riyal naira 400, ya zama 480,000. Cire 125,000, saura 355,000, kuma daga ciki iyalin da ke Kano za su ci, su biya haya da KEDCO. Wannan lambar ce za a ajiye kusa da abin da mutum yake samu a nan. Wajen aikowa kuma a duba farashin da kamfanin ya bayar, ba kuɗin aike kaɗai ba, don masu cewa kyauta a farashin suke cire nasu.

Malamin makaranta, Ɗorayi

Alhaji, lissafinka daidai ne, amma kada mu kashe wa yara gwiwa. Mai albashin da bai yi nisa da mafi ƙarancin jiha na naira 71,000 ba, 355,000 babban canji ne a gare shi. Wanda ya kamata ya yi dogon nazari shi ne mai shago a Kwari ko Singa da ke kwana gidan gado ba haya, ko ma'aikacin gwamnati mai fansho. Shi wannan ya nemi hutu ba albashi a rubuce kafin ya tafi, kada ya ɓace kawai a kore shi.

Akanta a Riyad, ɗan Gwale

Na yarda, Malam. Abu ɗaya da ya rage: albashin farko ba ya zuwa da wuri. Sai an yi gwajin lafiya a can, igama ta fito, sannan a buɗe asusun banki, kuma wannan kan ɗauki makonni. Mai tafiya ya riƙe abin da zai ci na wata biyu a hannunsa, ya bar wa gida cefanen wata uku, ya kuma faɗa wa 'yan'uwa tun kafin ya tashi daga filin jirgin Malam Aminu Kano cewa aiken farko sai wata na uku.