Neman shawara: RAV4 mai jan ƙafa huɗu ko mai jan gaba kawai?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum, 'yan uwa. Ni ma'aikaci ne a Kano, kuma ina da gona a wani ƙauye da ke gaba da Tudun Wada, inda nake zuwa kusan kowace Asabar daga farkon damina har a kammala girbi. Daga kwalta zuwa gonar akwai tafiyar kilomita tara a kan burji, sannan akwai wani kwari da yake cika da laka a watan Agusta, wanda bara sau biyu ƙaramar motata tana kafewa a cikinsa har sai da matasan ƙauyen suka turo ni.

Yanzu na sayar da motar, kuma dillali ya nuna mini Toyota RAV4 guda biyu, duka ƙirar 2014 masu injin lita 2.5 da aka shigo da su daga Amurka. Ɗaya gaba kawai take ja, ɗayar kuwa an rubuta AWD a bayanta, wato mai jan ƙafa huɗu. Zuciyata ta fi karkata ga mai AWD, amma wani abokin aikina ya ce tana shan mai kusan ninki biyu. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023 nake lissafa kowace lita kafin in tayar da mota, don haka wannan magana ta tsaya mini a rai. Ina roƙon waɗanda suka riƙe irin wannan mota su gaya mini gaskiyar shan manta, da kuma ko za ta fitar da ni daga wancan kwarin.

Wani malamin koyar da aikin injiniya a Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ninki biyu ba haka take ba, kuma ina ganin abokin naka yana kwatanta ta ne da manyan motoci irin Land Cruiser, waɗanda nauyinsu da girman injinsu ne suke sa su shan mai. A RAV4 ta wannan zubin, ƙafafun gaba ne suke jan motar a mafi yawan lokaci. Akwai farfela, wato dogon sandan ƙarfe mai juyawa da ke kai ƙarfin inji, da ta tafi baya, amma sai kwamfutar motar ta ga bukata, kamar lokacin tashi daga tsaye ko lokacin da ƙafar gaba ta fara sulɓi, sannan take haɗa ƙafafun baya. Abin da kake biya a kullum shi ne ƙarin nauyin da bai wuce na mutum ɗaya ba, da ɗan ƙarfin da yake tafiya wajen juya farfelar.

A ƙiyasin hukumar kula da muhalli ta Amurka, bambancin da ke tsakanin motocin biyu, idan an haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya, kimanin mil ɗaya ne a kowane galan: 26 ga mai jan gaba, 25 ga mai AWD. Idan aka mayar da wannan zuwa ma'auninmu, ya zama kusan kilomita 11 a lita da kuma kilomita 10.6 a lita. Wanda yake tafiyar kilomita 1,000 a wata zai ƙara lita uku zuwa huɗu ne kawai. Sai dai kada ka sa ran ganin waɗannan alƙaluma a Kano, domin an auna su ne da sabuwar mota a ɗakin gwaji, ba da mota mai sama da shekara goma a gosulon titin Zariya da na'urar sanyaya ciki a kunne ba.

Wata Hajiya mai irin motar:

Malam, shekara uku ke nan ina tuƙa mai AWD, kuma na daina yarda da abin da allon motar yake nunawa. Abin da nake yi shi ne in cika tanki har famfon ya tsaya da kansa, in mayar da ma'aunin tafiya sifili, in yi harkokina, sannan in koma famfon nan in sake cikawa, in raba tafiyar da litocin da suka shiga. Ka kula da abu ɗaya da ya ruɗe ni da farko: motocin Amurka mil suke ƙirgawa, don haka sai ka ninka abin da ka gani da 1.6 kafin ka raba. Wata guda na yi ina zaton motata ta lalace saboda ban san haka ba.

A cikin gari, da kai yara makaranta da tsaye-tsayen kasuwa, ina samun tsakanin kilomita bakwai da takwas a lita. Idan na kama hanyar Kaduna ban wuce gudun kilomita 100 a awa ba, takan kai sha ɗaya ko sha biyu. Ranar da na yi sauri na riƙa taɓa 130, na ga bambanci a fili. A nawa ganin ƙafar direba da gajerun tafiye-tafiye da injin bai gama ɗumi ba sun fi AWD cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Wani bakanike a Ƙofar Ruwa:

Alhaji, ni abin da zan ja hankalinka a kai shi ne ka leƙa ƙarƙashin motar kafin ka biya. Motoci da yawa suna zuwa wurinmu da rubutun AWD a baya, amma idan aka ɗaga su sai a tarar an cire farfelar, wani saboda ta fara ƙara, wani kuma saboda an ce masa zai rage shan mai. Ragin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, tunda akwatin giyar baya da sandunansa suna nan da nauyinsu, kuma ga shi an mayar da motar mai jan gaba alhali an biya kuɗin mai jan huɗu.

Na biyu, tayoyi. Irin wannan mota tana so ƙafafunta huɗu su zama girma ɗaya, zanensu kuma kusan ɗaya. Idan ka sa sabuwa a gaba da wadda ta cinye a baya, kwamfuta za ta ɗauka wata ƙafa tana sulɓi, sai ta riƙa haɗa bayan ba gaira ba dalili har abin ya yi zafi. Wannan shi ne ainihin ƙarin kuɗin mai AWD, tare da man giyar baya da yawancin mutane ba su ma san ana canza shi ba. Iskar taya kuwa, ka bi takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, kada ka bar wa mai faci ya ƙiyasta da ido. Ka kuma sa a duba da na'ura ko an cire katalis, wato abin da ke tace hayaƙi, daga salansa ko an taɓa na'urar auna hayaƙi, domin motar da aka yi wa haka takan sha man da ya fi bambancin da kake tsoro.

Wani manomi daga Doguwa:

Ni ban gamsu a ce kawai ka ɗauki mai AWD ba, Yaya, domin na san irin kwarin da kake faɗa. RAV4 ta 2014 tsayinta daga ƙasa kimanin santimita 16 ne, kuma ba ta da ƙaramar giya irin ta Hilux. Idan taraktoci da motocin hatsi sun haƙa ramuka biyu suka bar tudu a tsakiya, cikin motar ne zai zauna a kan tudun, kuma a nan ko ƙafa huɗu suna juyawa ba inda za ka je. Na ga haka da idona a daminar bara, mota zaune a kan laka tayoyinta suna watsa ruwa, sai da aka kawo tarakta.

Inda take da amfani shi ne laka mai santsi wadda ba ta da zurfi, da yashi, da hawan gangare bayan ruwan sama. Akwai maɓallin kulle jan huɗu a gefen sitiyari. Ka danna shi tun kafin ka shiga wurin, ba sai ka kafe ba, ka tafi a hankali ba tare da tsayawa ba, shi kuma yana sakin kansa idan gudu ya wuce kilomita 40 a awa. Ka je ka auna zurfin ramukan da sanda kafin ka yanke shawara.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Hankalina ya kwanta game da shan mai, tunda lita huɗu a wata ba ta kai abin da na kashe wajen gyaran kaca da salansa bayan kafewar bara ba. Kwarin nan santsinsa ya fi zurfinsa, amma zan bi shawarar ɗan uwa na Doguwa in auna shi ranar Asabar. Gobe kuma zan kai mai AWD ɗin a ɗaga ta in ga farfelar da idona. Malam bakanike, tayoyin gabanta sababbi ne, na baya kuwa sun ɗan cinye kuma kamfaninsu daban. Shin in nemi dillalin ya rage kuɗin taya biyu ne, ko sai an canza duka huɗun?